Nauru: tsibirin da aka haƙe aka sayar

1/ Jama'a, wa ya taɓa jin sunan ƙasar Nauru? Tsibiri ne a Tekun Fasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21 kacal, mutanensa kusan 12,000. Ku biyo ni.

2/ Jamus ta mamaye shi a 1888. A 1900 aka gano yana cike da fosfat, sinadarin da ake haɗa takin zamani da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ostareliya, Birtaniya da Niyu Zilan suka karɓe shi, suna kwasar fosfat da arha zuwa gonakinsu.

3/ A 1942 Japan ta kama tsibirin, ta kwashe mutum kusan 1,200 zuwa Chuuk aikin bauta. Ɗaruruwa ba su dawo ba.

4/ Ranar 31 ga Janairu 1968 suka samu 'yanci, sannan suka karɓi haƙar da kansu. Kuɗi fa suka shigo! Ba haraji, asibiti da makaranta kyauta, har da kamfanin jirgin sama.

5/ Amma asusun da aka ajiye don gobe ya tsiyaye a hannun jarin banza, har da wani wasan kwaikwayo a Landan a 1993 da bai karɓu ba. Fosfat ya ja baya, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya zama kufai, ba ya nomuwa.

6/ A 2001 Nauru ta amince Ostareliya ta tsare masu neman mafaka a can, tana biyan ta. Fosfat ɗin da ya ciyar da gonakin wasu, su bai bar musu gonar shuka ba.