Karo: Ƙauyen da Wata Tsohuwa Ta Sa a Littafi

Direbobin da ke bin hanyar Karaye zuwa Rogo sun san Zarewa, sun san Beli da Fulatan da Ruwan Bago, amma a tambaye su Karo, ba lallai a dace da mai amsa ba. Sai ga shi ɗaliban tarihi a Ingila da Amurka sun shekara saba'in suna karanta sunan wannan ɗan ƙauye na kusa da Zarewa, albarkacin wata mata da ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya na labarinta da hannunta ba.

Ana ce da ita Baba. An haife ta a Karo wajen ƙarshen ƙarni na 19, cikin zuriyar Barebari manoma, masu taɓa malanta. Da tsufanta tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, inda a ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, matar mai bincike M. G. Smith, ta riƙa zama da ita tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a London a 1954 da sunan Baba of Karo. Daga baya aka buga shi da Hausa, aka sa masa Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano.

Karo ɗin da ta bayyana ba gari ba ne mai ganuwa da kasuwa. Gidaje ne na dangi ɗaya a tsakiyar gonaki, ga rumbuna, ga rinji inda bayi ke zaune. Da damina bayin kan shiga gandun ubangijinsu da hantsi, a kai musu abinci gona, su tashi wajen azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa ya nome abin kansa. Wanda ya tara abin hannu yana iya fansar kansa. Masu yabon zamanin da sukan tsallake wannan babi, amma Baba ba ta tsallake shi ba. Ta faɗe shi yadda ake faɗin abin da aka tashi aka tarar.

Matsalar Karo ita ce wurin da Allah Ya ajiye ta. Nan ne ƙasar Kano ke haɗuwa da Zazzau da Katsina, har yau kuwa Ƙaramar Hukumar Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Ƙasa ce mai albarka, ruwan samanta ya fi na arewacin Kano yawa, ga fadamu da ke ba da rake da shinkafa, ga tudu na dawa da masara. Amma a zamanin ƙuruciyar Baba, bakin iyaka hanyar mahara ce. Da an ji kuwwa, sai a bar fartanya a kunya, a sungumi yara a ruga cikin ganuwar Zarewa. Wanda aka ritsa da shi a daji, sai dangi su bi sawu da kuɗin fansa, in an yi sa'a a dawo da shi. Sunayen wurare ma suna ba da shaida: duk inda aka ji "Kafin wane", kamar Kafin Dafga ta Karaye, to an taɓa kewaye wurin da itace don tsoron hari.

Wannan zaman ɗarɗar ya girmi Baba da ɗaruruwan shekaru. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, a Karaye Kanawa suka tari Katsinawa suka ci su da yaƙi. A nan kuma Wambai Giwa, wanda ya faɗaɗa ganuwar birnin Kano, ya zauna yana kai wa Katsina hari, har ƙarfinsa ya fara tsone wa fada ido, Sarki Kutumbi ya tuɓe shi.

Turawa suka kama Zariya a 1902, Kano a 1903. Hari ya tsaya, aka ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, bayin rinji suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, iyayen gida suka koma riƙe garma da kansu. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Abin da ya fi sauya fuskar yankin bayan wannan shi ne ruwa. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Karaye, tsayinta mita 42, tsawonta kusan kilomita 8, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Gonaki da ƙauyuka suka nutse, mutane suka tashi, wasu manoman suka koma kamun kifi da noman rani, can ƙasa kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suka ga ambaliyar da suke dogara da ita ta ragu.

Sarauta ma ta yi ta juyawa. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar, a Yulin shekarar kuma aka maido da Karaye a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, Karaye da Rogo. Zarewa, garin da a da mutanen Karo ke gudu su fake a ganuwarsa, yanzu ɗaya ce daga mazaɓu goma na Rogo.