Tarihin Kwafar Faifai Ba Tare da Tauye Sauti Ba

Sa'ad da kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD a 1982, sun ƙayyade a riƙa auna sauti sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa, ƙa'idar da duk mai kwafar faifai zuwa kwamfuta ya gada. Da fari, saboda ƙarancin ma'aji, jama'a suka rungumi MP3, wanda yake zubar da abin da aka zaci kunne ba zai tantance ba. Abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa har abada, lamarin da nake ganin cin amana ne.

A 2001 Josh Coalson ya fitar da FLAC, mai matse waƙa zuwa kimanin rabinta alhali bai taɓa ko ɗigo ba. Matakansa, daga 0 zuwa 8, sun rikita mutane, suna zaton na 8 ya fi zaƙin sauti, bisa haƙiƙa kuwa girman fayil da lokacin matsewa kaɗai ke sauyawa. Ainihin wahalar kwafar faifai kuwa tana wajen karanta faifai mai ƙarzane, inda manhajar Exact Audio Copy take maimaita duk wurin da ta yi shakka, tamkar malami mai muƙabalar kwafi da asali.