Daga Ririwai Zuwa Teburin Mai Gyaran Waya: Tarihin Dalmar Liƙi

Duk wayar da ke aljihunka, da rediyo, da fitilar sola, a cikinsu akwai allon lantarki wanda masu gyara ke kira fanel. Ɗaruruwan ƙananan kaya ne a kansa, kowanne an liƙe shi da ɗigon ƙarfe. Idan ɗigo ɗaya ya tsage, sai waya ta daina caji ko ta mutu gaba ɗaya. Wannan ƙarfen liƙi, wanda masu gyara ke ce wa led, an sauya haɗinsa a 2006, kuma matsaloli da dama da mai gyara a Bagudo ko kasuwar Farm Centre ta Kano ke fama da su yau daga wannan sauyin suka samo asali.

Babban sinadarin liƙi shi ne kuza, kuma ƙasar Hausa ta daɗe da saninsa. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ririwai a kudancin Kano suna narka kuza, su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. A da kalmar dalma ta haɗa har da kuza, shi ya sa ake kiran wani garin masu narkawa Liruwen Dalma. Waɗannan tsinkayen ne Kamfanin Neja ya gani a kasuwa, ya bi sawunsu a farkon shekarun 1900 har tsaunukan Jos, inda haƙar kuza ta bunƙasa, Najeriya ta shiga sahun manyan ƙasashen da ke fitar da shi.

To me ya kawo dalma cikin zancen? Kuza zalla sai zafi ya kai digiri 232 yake narkewa, dalma kuma 327. Amma idan aka haɗa kuza kashi 63 da dalma kashi 37, a digiri 183 kacal suke narkewa, su kuma daskare nan take. Bayan Paul Eisler ya ƙirƙiro allon lantarki a Ingila a 1936, wannan haɗin da makamancinsa na 60 da 40 suka zama abin dogaron masana'antu.

Dalma ta kuma warware wata matsalar. Kuza zalla yakan tsiro da wasu siraran zaruruwa da suka fi gashi sirantaka, su miƙe su taɓa maƙwabcin layi, wuta ta haɗu. A shekarun 1950 masu bincike a Bell Labs na Amurka suka gano cewa ɗan dalma kaɗan na hana wannan tsiro. Inda aka bar kuza zalla kuwa an ji jiki: a watan Mayun 1998 tauraron ɗan'adam Galaxy IV ya lalace, mafi yawan na'urorin karɓar saƙo na feja a Amurka suka yi shiru, kuma an ɗora laifin a kan irin wannan gashin kuza.

Sai dai dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Mu a Arewa mun ga ɓarnarta a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, kodayake wancan daga ƙurar dutsen zinare ne. Tsoron Turai shi ne dalmar da ke tsiyaya daga tsofaffin na'urori a juji. Don haka daga 1 ga Yulin 2006, dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki. Kamfanoni suka koma haɗin kuza kashi 96.5, azurfa 3, jan ƙarfe 0.5, mai narkewa a wajen digiri 217.

Wannan tazarar ta digiri 34 ita ce kan gaba a matsalar. Kayan da ke shigowa yankin Matsinkai da Bagudo, sababbi da na hannu, ta Kwatano ko ta Legas, akwai 'yan kafin 2006, akwai 'yan bayanta. Wanda ya koyi aiki a kan tsohon rediyo, idan ya sa zafin da ya saba wa sabon fanel, liƙin ba zai narke sosai ba. Ya ƙara wuta ba lissafi, layukan tagulla su ɗago. Ido ma yakan yaudare shi: a tsohon liƙi, rashin ƙyalli alama ce ta liƙin da bai kama ba, amma sabon liƙi ko lafiyarsa ƙalau dusu-dusu yake. Ga shi ya fi tauri, idan waya ta faɗi ɗigon da ke ƙarƙashin ai-si yakan tsage inda ido ba ya kaiwa. Hura masa iska mai zafi kan farfaɗo da wayar, amma sau da yawa bayan 'yan makonni ciwon ya dawo.

Saboda haka kafin mai gyara ya ɗora ƙarfe a kan fanel, ya fara tambayar kansa: wannan na wane zamani ne? Ya duba ko akwai tambarin Pb da aka soke, ko rubutun RoHS. Ya kwashe tsohon liƙi kafin ya zuba sabo. Idan kuma led mai dalma yake aiki da shi, kamar yadda har yanzu ake sayarwa a kasuwanninmu, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma ya bar yara suna wasa a ƙarƙashin teburinsa.