Yaɗuwar Ɗariƙar Firesbiteriyan a Amurka Zamanin Mulkin Ingila

Firesbiteriyan ɗariƙa ce ta Kiristoci 'yan Furotesta wadda ta kafu a Sikotilan a shekarar 1560 bisa jagorancin John Knox, kuma abin da ya bambanta ta da Cocin Ingila shi ne ba ta da bishop, sai dai kowace majami'a takan zaɓi dattawanta, su kuma su haɗu da fastocin yankinsu a majalisa guda mai yanke hukunci. Wannan tsari ne ya sauƙaƙa mata yaɗuwa a Amurka, domin mabiyanta ba sa jiran a naɗo musu shugaba daga ƙetaren teku.

Francis Makemie, ɗan arewacin Ayalan, ya isa Marilan a 1683, ya yi ta yawon wa'azi yana kafa majami'u, har fastoci bakwai, ciki har da shi, suka taru a Filadelfiya a 1706 suka kafa majalisar yanki ta farko. Shekara guda bayan haka Gwamnan New York, Lord Cornbury, ya tsare shi bisa zargin yin wa'azi babu izini, kuma ko da yake kotu ta wanke shi, sai da aka ɗora masa kuɗin shari'ar.

Daga 1717 tsadar hayar gona da fari suka soma koro zuriyar mutanen Sikotilan mabiya wannan ɗariƙa, mazauna lardin Ulster na arewacin Ayalan, inda doka ta hana su riƙe muƙaman gwamnati. Sukan sauka a Filadelfiya, su nausa cikin dazuzzukan Fensilbaniya, su gangara kwarin Shenandoah har Karolina, kuma duk inda suka yada zango sukan aika wa majalisa takardar roƙon a turo musu mai wa'azi.

Biyan wannan buƙata ya yi wuya, domin ɗariƙar ba ta naɗa fasto sai mai zurfin karatu. Saboda haka wani fasto mai suna William Tennent ya soma koyar da samari a wani ɗakin gungume a Neshaminy ta Fensilbaniya, sannan a 1746 aka kafa kwalejin da ta zama Jami'ar Princeton. Saɓani kan wa'azin farfaɗo da addini da cancantar fastoci ya raba ɗariƙar gida biyu daga 1741 zuwa 1758, amma bayan sulhu ta ci gaba da bunƙasa, har ta kira babban taronta na ƙasa a Filadelfiya a 1789.