Kadarkon Gwamna Lugga: Daga Zungeru Zuwa Kaduna

Wanda ya taso daga Trikania ko Kakuri ya haye Kogin Kaduna bisa gadar kankare, da wuya ya tuna cewa birnin nan kansa gada ce ta haife shi. A nan ne hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta isa Kano a 1911, ta ƙetare kogin. Saboda wannan mahaya da yalwar ruwa Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru, inda ta zauna tun 1902, suka maido ta Kaduna a 1917.

To, ba ma'aikata da takardu kaɗai Zungeru ta rasa ba. A 1904, wato shekarar da aka haifi Dokta Azikiwe a garin, Gwamna Lugga ya sa aka kafa wani ɗan kadarko na ƙarfe bisa rafin da ya raba gidansa da sauran mazaunin Turawa. Tsawonsa bai wuce mita 14 da ɗoriya ba, daɓensa na katako ne, gefunansa kuwa ƙarafa ne a gicciye kamar saƙar asabari. Hikimar irin wannan gini ita ce kowane ƙarfe yana tallafar ɗan'uwansa, nauyi ya rarrabu, sa'an nan ana iya kawo shi gunduwa-gunduwa a ɗaure da kusoshi. Amma abin da aka ɗaura da kusa ana iya kwance shi. Haka kuwa aka yi: aka kwance kadarkon, aka kawo shi lambun Gamji a Kaduna, a 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Galibi akan kira wannan ceto. Ni dai ina da ja. Lalle ƙarfen ya tsira, alhali sa'o'insa da dama a ƙauyuka sun tafi hannun 'yan gwangwan bayan an zuba kankare a gurbinsu, ba tare da an auna su ko an ɗauki hotonsu ba. Sai dai darajar kadarko tana ga gaɓa biyun da ya haɗa. A Zungeru yana nuna wa mai nazari yadda mai mulki ya keɓe gidansa, da hanyar da masinja da akawu ke bi su je gabansa. A Gamji ado ne na wurin shan iska, kuma yaron da ya taka shi ba abin da zai gaya masa an taɓa mulkin Arewa daga wani gari da ke bakin wannan kogi can ƙasa, a Jihar Neja ta yau.