Amosanin gaɓɓai (a jikin kyanwa)

Suna, namiji. Ciwon da ke cinye guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi a gaɓa, har ƙasusuwa su riƙa gogar juna. A kyanwa ya fi kama ƙugu, gwiwa da ƙashin baya.

Masu kyanwa da yawa na ɗaukarsa tsufa ne kawai, kuma wannan kuskure ne. Wani bincike a Amurka a 2002 ya duba hoton ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya samu lalacewar gaɓɓai a kashi 90 cikin ɗari. Za a ce ai kyanwa ba ta ɗingishi. Amma ciwon yakan kama ɓangarorin jiki biyu tare, don haka ba ƙafar da za ta jingina a kai. Sai ta daina hawa katanga, ta rage lasar jikinta, gashinta ya cukuikuye. Gaskiya ne hoto ba ya auna zafi, shi ya sa canjin ɗabi'arta ya fi zama shaida, kuma ɗabi'ar takan gyaru idan likitan dabbobi ya ba ta magani aka rage mata ƙiba. Kada a ba ta farasitamol, guba ce gare ta.