Samarin da Suka Yi Rigima a Kan Layin Tarho, da Ranar da Zamfara Ta Yi Shiru

Da rana tsaka, ranar Litinin 15 ga Janairun 1990, manyan layukan kamfanin tarho na AT&T a Amurka suka fara ƙin ɗaukar kira. Na'ura ɗaya ce ta fara cijewa a birnin New York, kafin a ce kwabo sai ciwon ya bazu zuwa duka na'urori 114 irinta da ke faɗin ƙasar. An shafe kusan awa tara ana fama, kiran waya na gomman miliyoyi ya bi ruwa. Kafin injiniyoyi su gama bincike, jami'an tsaro sun riga sun sa wa wasu ido, wato samari masu kutse da ke kwana a gaban kwamfuta a ɗakunan iyayensu.

Zargin bai zo haka kawai ba. Tun da aka ƙirƙiro tarho, duk kira sai ya ratsa ta cibiyar da ke haɗa mai kira da wanda ake kira. Da farko mutum ne ke wannan aiki, yawanci mace, tana zaune gaban allo tana cire waya daga wannan rami tana cusawa a wancan. A 1891 wani mai sana'ar binne gawa a Kansas City, Almon Strowger, ya samu lasisin na'urar da ke haɗa kira ba tare da hannun mutum ba. Ana ba da labarin cewa haushi ne ya sa shi, don yana zargin mai haɗa kiran tana karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin hamayyarsa.

Na'urorin da suka biyo baya da sauti suke magana da juna, kuma a kan layin da mutane ke hira. Nan ɓarakar take. Wani yaro makaho mai suna Joe Engressia ya gano cewa idan ya yi fito da bakinsa daidai amon hertz 2600, layin nesa zai ɗauka an ajiye waya, ya bar masa hanya a buɗe. John Draper kuwa da usur ɗin roba da ake sakawa kyauta cikin kwalin abincin yara ya yi suna. Bayan mujallar Esquire ta fallasa harkar a 1971, Steve Wozniak da Steve Jobs, tun kafin su kafa Apple, sun haɗa akwatunan da ke kwaikwayon wannan amo suna sayar wa ɗalibai.

Kamfanin AT&T ya toshe wannan ƙofa ta hanyar mayar da cibiyoyinsa kwamfuta. Ya kunna ta farko mai aiki da lantarki a Succasunna ta jihar New Jersey a 1965, ya kawo samfurin 4ESS a Chicago a 1976, sannan 5ESS a 1982, ya kuma raba hanyar umarni da hanyar murya. Fito da usur suka daina aiki. Sai dai kwamfuta tana da tata ƙofar. Injiniyoyi kan kira ta daga nesa su yi gyara, kuma duk wanda ya san lambar da kalmar sirri, shi ma injiniya ne a wurinta. Samarin sukan samo waɗannan daga kwandon sharar ofisoshin kamfanin, ko su kira ma'aikaci da murya irin ta manya su ce daga hedikwata suke. A watan Yunin 1989, masu kiran ofishin kula da masu laifin da aka yi wa sassauci a Delray Beach ta jihar Florida suka riƙa jin muryar wata mace mai zancen batsa a New York. Wani yaro ne ya shiga cibiyar ya juya lambar.

Ƙungiyar da ta fi tashe a lokacin ita ce Legion of Doom, wadda wani mai laƙabin Lex Luthor ya kafa a 1984, sunan kuma daga mugayen katun ɗin yara aka aro shi. A cikinta akwai Chris Goggans ɗan Texas, mai laƙabin Erik Bloodaxe, da Mark Abene ɗan unguwar Queens a New York, wanda aka fi sani da Phiber Optik. Abene ya san cikin cibiyoyin tarho fiye da yawancin ma'aikatansu, kuma ba ya ɓoye cewa ya sani. Zama bai yi daɗi tsakaninsa da Goggans ba, aka kore shi. Ya koma wurin abokansa na New York, Eli Ladopoulos da Paul Stira, a ƙungiyar Masters of Deception, sunan da aka zaɓa da gangan don tsokanar tsohuwar ƙungiyarsa.

Bambancin ya wuce na suna. 'Yan Texas yawancinsu farar fata ne daga gidajen masu rufin asiri, na New York kuwa 'ya'yan ma'aikata da baƙin haure. A cewar littafin da 'yan jarida Michelle Slatalla da Joshua Quittner suka wallafa a 1995, wutar ta kama ne a wata hirar taron waya, inda wani daga ɓangaren Texas ya jefi John Lee, baƙar fata ɗan Brooklyn, da zagin launin fata. Daga nan aka shiga kiran juna cikin dare, da sauya wa juna tsarin layi, da baza bayanan sirrin abokin gaba. Da Goggans da abokansa suka buɗe kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Comsec a Houston a 1991, 'yan New York suka shiga cibiyar da ke kula da layinsu suna sauraron hirarsu. Goggans ya kai ƙara wurin hukumar FBI. Daga baya shi da kansa ya ce 'yan jarida ne suka zuzuta abin har suka kira shi yaƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin yawancin abin da ya faru bai wuce faɗan samari masu ji da kai ba.

Hukuma dai ba ta ɗauki kutsen samarin da wasa ba. Kwana tara bayan ɗaukewar layukan AT&T, jami'an Secret Service suka dira gidajen Abene da Ladopoulos da Stira suka kwashe kwamfutocinsu. A watan Mayu aka yi samame a birane fiye da goma da sunan Operation Sundevil. Wani matashi mai suna Craig Neidorf ya gurfana gaban kotu kan wallafa takardar kamfanin BellSouth da aka yi wa kuɗi dala 79,449, shari'ar ta rushe da aka nuna cewa ana sayar da irin bayanan ga kowa a kan dala 13. A Yulin 1992 aka tuhumi mutum biyar na Masters of Deception, Abene ya sha ɗaurin shekara ɗaya. Amma ɗaukewar layukan ta 15 ga Janairu ba su suka jawo ta ba. Kuskure ne a layi ɗaya na manhajar da AT&T ya sabunta da hannunsa: duk na'urar da ta farfaɗo sai ta aika wa maƙwabtanta saƙo, saƙon ya kayar da su, su ma su farfaɗo su kayar da na gaba.

A shekarun da ake wannan dambarwa, tarho a ƙasar Zamfara kayan gwamnati ne da na manyan attajirai. An kafa kamfanin tarho na gwamnati, NITEL, a 1985, lambar Gusau 063, ta Sakkwato 060, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a Najeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba. Manomin Bakura ko masuncin bakin madatsar Bakolori wasiƙa ya sani da saƙon baki a hannun direban mota. Sai bayan gwanjon lasisin wayar salula na Janairun 2001, inda aka biya dala miliyan 285 kan kowane lasisi, cibiyoyin kwamfuta irin waɗanda su Abene ke mafarkin shiga suka fara haɗa kiran talaka a Talata Mafara.

Shekara ashirin bayan nan, mutanen yankin suka ga ƙarfin mai riƙe da cibiya, ba tare da wani mai kutse ya taɓa komai ba. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta suka faɗa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, mahaifar gwamnan lokacin, Bello Matawalle. Ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a jihar baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jiha, don a raba 'yan bindiga da infomominsu. Mako biyu aka ce da farko. Masu POS suka rufe rumfunansu, ɗan kasuwa ya koma aika yaro da takarda, mai son jin muryar ɗansa da ke Kano sai ya biya kuɗin mota zuwa wata jiha, kuma ba a jima ba sassan Katsina da Sakkwato ma aka kashe musu. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.